Da Aka Rufe Makarantu, Wa Ya Riƙe 'Yan Ƙanana?

Yau tarihi za mu taɓa, amma irin tarihin da kusan kowa a cikinmu yana da nasa kason a ciki.

Ranar Laraba 18 ga Maris, 2020, gwamnonin Arewa maso Yamma suka yi taro a Kaduna, suka fito suka ce za a rufe makarantu na kwana 30 daga Litinin 23 ga wata saboda cutar korona. Washegari Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da nata umarnin ga ƙasa baki ɗaya. Kwana 30 ɗin nan sai da suka kusa kai wata bakwai, domin a Kano sai cikin Oktoba yara suka koma aji. 'Yan uwanmu na Nijar sun fi mu sa'a, an rufe musu ranar 20 ga Maris, aka buɗe 1 ga Yuni.

A lokacin yara huɗu ne a gidanmu, babbar tana da shekara 11, autar tana da 4. Makon farko murna suka yi ta yi. Kafin mako na uku ya ƙare gidan ya zama filin daga, wannan ya ƙwace wa wancan, wancan ya fasa kofi, uwarsu tana ta rabon faɗa har tuwo ya kama. Da na ji an ce an fara darasi a rediyo sai na ce Alhamdulillahi, na shimfiɗa tabarma, na tara su, na kunna. Ashe malamin da masu shirin jarrabawar gama sakandare yake magana. Autar ta saurara kamar na minti biyu, ta ɗago ta ce, "Baba, yaushe zai fara labarin?"

Tambayar nan ce ta sa daga baya na shiga bincike. A baya, duk lokacin da aka yi irin wannan rufewa ta ba-zata, me aka tanadar wa yara masu irin shekarunta? Binciken ya kai ni wani birni na Amurka, shekara 83 kafin korona.

A ƙarshen bazarar 1937 cutar shan inna ta ɓarke a birnin Shikago. A wancan zamanin babu rigakafinta, domin sai a 1955 aka fara amfani da allurar da Jonas Salk ya samar. Cuta ce da ta fi kama ƙananan yara, tana shanye ƙafa, wani lokaci ta hana numfashi. Shi kansa shugaban ƙasar na lokacin, Franklin Roosevelt, ƙafafunsa a shanye suke tun 1921, kuma ita likitocinsa suka ce ta kama shi. Don haka duk shekarar da ta motsa, iyaye a Amurka kan hana 'ya'yansu zuwa wuraren ninƙaya da gidajen silima, su tsare su a gida. A Shikago, shugaban hukumar lafiya ta birnin, Dokta Herman Bundesen, ya sa aka ɗage komawa makaranta da aka shirya yi a farkon Satumba.

Shugaban makarantun birnin, William Johnson, da mataimakiyarsa Minnie Fallon, sai suka ɗauko wata dabara da ba a taɓa gwadawa da irin wannan girman ba. Suka nemi gidajen rediyon birnin su ba da lokaci kyauta, jaridu kuma su riƙa buga jadawalin darussa da aikin da yaro zai yi kowace safiya. Ranar Litinin 13 ga Satumba, 1937, aka fara. Yara kimanin 315,000 aka yi wa shirin. Kowane darasi minti 15 ne kacal. Litinin da Laraba da Juma'a ana yin kimiyya da darasin zamantakewa, Talata da Alhamis da Asabar kuma Turanci da lissafi. Da safe akan fara da sanarwa da ɗan motsa jiki, kamar yadda ake yi a filin makaranta kafin a shiga aji. Aka zaunar da malamai 16 a bakin wayar tarho domin amsa tambayoyin iyaye. A ranar farko kaɗai an kira fiye da sau 1,000, sai da aka ƙaro malamai. Aka kuma gaya wa yara cewa in an koma za a yi musu gwaji a kan abin da suka ji.

Shirin bai cika mako uku ba cutar ta lafa, aka buɗe makarantu. Amma ya bar baya da kyau, domin daga cikinsa ne hukumar makarantun birnin ta kafa sashen koyarwa ta rediyo, wanda ya kai ga buɗe tasharta mai suna WBEZ a 1943. Matsalolin da aka gani kuwa, duk wanda ya rayu a 2020 zai gane su. Wasu gidajen ba su da akwatin rediyo. Wasu suna da guda ɗaya, ga yara uku a aji daban-daban, kowa darasinsa a wata tasha. Malami yana wucewa da sauri, yaro ba shi da halin ɗaga hannu ya ce a maimaita. Gidan da uwa ko uba suka iya zama kusa da yaro suna bin jarida da shi, shi ya fi amfana.

To ga abin da ya tsayar da ni. Darussan nan an yi su ne don 'yan aji 3 zuwa aji 8. 'Yan aji ɗaya da aji biyu da na ƙasa da su ba sa ciki. Idan mutum ya duba tsarin zai ga dalili da kansa: darasin yana bukatar yaron da zai iya duba jarida ya karanta umarni, ya riƙe fensir ya rubuta abin da ya ji, ya zauna minti 15 yana sauraren muryar wanda ba ya gani. Ɗan shekara biyar ba zai iya ko ɗaya ba. Wato yaran da cutar ta fi yi wa barazana, waɗanda aka fi tsananta tsare su a ɗaki, su ne shirin bai taɓo ba. An bar su a hannun iyaye mata da yayye da kakanni, kowane gida ya san yadda zai yi da nasa.

A wannan shekarar ta 1937, a nan gida, wani littafi ya fara fitowa daga Zariya wanda duk mun sani, wato Magana Jari Ce. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina aka ɗauko shi zuwa Zariya a 1936, ya zauna wajen wata shida yana aiki tare da Dokta Rupert East, ya rubuta shi domin 'yan makaranta su sami abin karantawa da Hausa. Babu abin da ya haɗa Imam da Shikago. Na kawo shi ne don ginshiƙin littafi na ɗaya. Sarki ya tafi yaƙi, ya bar ɗansa Musa a gida, ga hatsari yana jiran sa a waje saboda makircin Waziri. Bayi da makamai suna nan, amma abin da ya riƙe Musa a cikin gida shi ne aku, wanda duk daren da yaron ya yi shirin fita sai ya ja shi da labari har gari ya waye. Matsalar da ta dami iyayen Shikago, wato yadda za a zaunar da yaro a gida alhali ransa yana waje, ita ce Imam ya gina littafinsa a kanta. Amsarsa kuma ita ce wadda kakanninmu suka sani tun da daɗewa: murya, da labari, da wani na kusa da zai ba da shi.

Mu matso kusa, ga zamani da kuma ga wuri. A watan Mayu 2014 cutar Ebola ta shiga Saliyo ta gundumar Kailahun da ke iyaka da Gini. Kafin ta lafa ta kashe mutum kusan 4,000 a ƙasar. Makarantu suka kasance a rufe wajen wata tara, sai ranar 14 ga Afrilu, 2015 aka buɗe. A Gini da Laberiya da Saliyo gaba ɗaya, yara kimanin miliyan biyar ne suka zauna a gida. Mu ma iskar ta ɗan taɓa mu, domin bayan cutar ta shigo Legas a watan Yuli na 2014, gwamnati ta ƙara wa yara hutu, ta fara cewa sai 13 ga Oktoba, daga baya ta dawo da ranar zuwa 22 ga Satumba.

Zaman gida na Ebola ya fi na shan inna tsanani ta wata fuska. Cutar ta hanyar taɓa jiki take yaɗuwa, don haka aka hana musabaha da runguma da taruwa. Daga 19 zuwa 21 ga Satumba, 2014, an hana kowa fita a faɗin ƙasar na kwana uku. Ku yi tunanin yadda za a gaya wa ɗan shekara huɗu kada ya taɓa abokin wasansa, alhali kusan duk wasan yara riƙe hannu ne da kama-kama da goyo.

A watan Oktoba 2014 gwamnatin Saliyo, da taimakon UNICEF da wasu ƙungiyoyi, ta fara darussa ta tashoshin rediyo 41. Matsalolin Shikago suka sake bayyana, suka zo da ƙari. Akwai gidan da babu rediyo, akwai wanda yake da shi babu kuɗin batir. Yara da yawa, lokacin da ake darasin suna gona ko kasuwa, domin annobar ta karya sana'ar iyayensu. 'Yan mata matasa sun fi kowa ɗanɗana kuɗarsu, domin fiye da 14,000 aka ƙididdige sun yi ciki a wannan tsakanin, aka kuma hana masu cikin da ya fito komawa aji, dokar da ba a janye ba sai a Maris 2020.

Amma a Kailahun ɗin nan an yi wani abu da ya kamata marubucin Hausa ya sani. Tun kafin Ebola, wata ƙungiyar ƙasar mai suna Pikin-to-Pikin, tare da abokiyar aikinta Child to Child ta Landan, suna gudanar da wani shiri inda manyan 'yan firamare ke tara ƙannensu da ba su isa shiga makaranta ba, suna koya musu ƙirga da haruffa ta hanyar wasa. Da annoba ta hana taruwa sai aka mayar da shirin rediyo, aka sa masa suna Pikin to Pikin Tok, wato hirar yaro da yaro a harshen Kiriyo. A cikinsa aka ware wani sashe na labarai musamman don 'yan ƙanana, ana ɗauko tatsuniyoyin yankin ana saƙa ƙirga da sababbin kalmomi da tsabta a ciki. Muryoyin yara ake ji a shirin, aka kuma raba rediyo marasa bukatar batir. Shirin ya ci gaba har bayan an buɗe makarantu. A duk abin da na bi, nan ne na ga an zauna an yi tunanin ɗan shekara biyar tun daga farko. Da aka tashi yin hakan kuma, abu biyu aka koma wa: tatsuniya da babban wa ko babbar ya.

Wannan ya dawo da mu gidan Bahaushe. A al'adarmu yaro ba abin ajiyewa a ɗaki ba ne. Wata mai bincike ba'amurkiya, Enid Schildkrout, ta zauna a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a Kano cikin shekarun 1970, ta rubuta yadda yara suke zama ƙafafun matan da ke cikin kulle. Su ne 'yan aike, su ke kai saƙo gida-gida, su sayo cefane, su kai talla, su dawo da labarin abin da ke faruwa a unguwa. Yinin yaro a cike yake: makarantar allo da safe da yamma, aike a tsakani, ga motar kara da tuwon ƙasa da 'yar tsana da carafke. Da dare in da farin wata a fita dandali, maza su yi langa, mata su yi gaɗa, in an dawo a kewaye kaka a sha tatsuniya. Baba ta Karo ta ba da labarin irin wannan ƙuruciyar a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954. Har camfi muke da shi cewa ba a tatsuniya da rana, wai wanda ya yi zai ɓata. Ni dai fahimtata ita ce rana tana da nata aikin, ba a so labari ya ci lokacinsa.

Dokar kulle ta 2020 ta kifar da wannan tsarin gaba ɗaya. A Kano ta fara ne ranar 16 ga Afrilu. Boko a rufe, Islamiyya a rufe, almajirai ana kwasar su a motoci ana mayar da su jihohinsu, kasuwa sai ranar da aka ba da dama. Azumi ya kama ranar 24 ga wata, lokacin tashe ya zo ya wuce yara suna leƙe ta ƙofa. Yaron da shi ne mai fita a madadin uwarsa, yau shi ma an sa shi a kulle tare da ita. Rana ta zama fili fetal babu abin zubawa a ciki. Tsarin da ya saba cika ta kuwa, a birane da yawa dama ya riga ya yi rauni. Kaka tana ƙauye, dandali ya zama shaguna, uwa 'yar shekara 28 tatsuniyoyin da ta riƙe ba su fi a ƙirga da yatsu ba.

Gwamnatoci sun yi abin da suka iya. A watan Afrilu na shekarar, UNESCO ta ce ɗalibai wajen biliyan 1.6 ne rufewar ta shafa a duniya, kowace ƙasa tana lalube. Jihohinmu da dama sun sa darussa a rediyo da talabijin. Amma ku dubi jerin waɗanda aka fara tunawa da su. A Kaduna 'yan ajin ƙarshe na sakandare aka fara sa wa a gaba. Ranar 4 ga Agusta masu jarrabawar fita suka koma makaranta, aka fara jarrabawar WAEC ranar 17 ga wata. A Legas an fara buɗe makarantu ranar 21 ga Satumba, 'yan nazare kuwa sai 19 ga Oktoba. A Ghana masu jarrabawar ƙarshe sun koma tun watan Yuni, 'yan firamare da na ƙasa da su sai Janairun 2021. Ban ga laifin kowa a nan ba, domin jarrabawa tana da rana, kuma ƙaramin yaro ba ya iya kiyaye tazara ko barin takunkumi a fuskarsa. Sai dai sakamakon ɗaya ne da na 1937. Mafi ƙanƙanta shi ne na ƙarshe a lissafi, kuma shi ya fi daɗewa a gida.

Wani abin lura, ana cikin wannan zaman ne, ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali, bayan an ga na ƙarshe a Borno a 2016. Cutar da ta rufe makarantun Shikago ta ja baya, wata ta maye gurbinta. Ita ma da ta lafa, wani abin ya taso. Ranar 11 ga Disamba, 2020, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara, aka rufe makarantu a Katsina, wasu jihohin maƙwabta suka bi sahu. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, aka ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe. A farkon Satumban 2021, bayan harin da aka kai wata makaranta a Maradun, Zamfara ta rufe makarantunta, cikin 'yan kwanaki kuma aka katse layukan waya a jihar. A irin wannan hali duk wanda ya ce a ba yaro waya ya kalli darasi a intanet, bai san inda ake ba. Abin da ya rage a gida shi ne rediyo in akwai, takarda in akwai, da bakin mutum.

To ina namu a ciki, mu masu riƙe alƙalami?

Ba za a ce magabata ba su yi komai ba. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyi a littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a ƙananan littattafai shida. Umaru Dembo ya rubuta Wasannin Yara. Daga baya an yi littattafan Mu Karanta don ƙananan azuzuwa a Bauci da Sakkwato. Amma wasu daga cikin waɗannan sun yi wuyar samu a kasuwa, wasu kuma don aji aka tsara su, da malami a tsaye. Mu kuma da muke rubutu yau, mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu manya muke rubuta wa. Labarin soyayya da na kishiya da na ɗan fashi muna da su jibgi. Wanda uwa za ta buɗe da hantsi ta zaunar da ɗan shekara biyar da shi, ta samu ta gama wanke-wanke, sai an tona.

Bari in ƙarasa muku labarin gidanmu, domin a nan na koyi ɗan abin da na sani. Da rediyo ya gaza, babbar 'yata ce ta karɓi aikin ba tare da kowa ya sa ta ba. Ta riƙa tara ƙannenta a inuwar ɗaki tana yi musu tatsuniya, da rana tsaka, babu wanda ya ɓata. Cikin kwana tara nata suka ƙare, ta fara maimaici, suka fara gudu. Sai ta zo ta ce in rubuta mata sababbi. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Na farko da na rubuta shafi uku ne, da gabatarwa da siffanta gari da sarki. Ba ta kai rabi ba autar ta tashi ta bi kaza. 'Yar tawa ta dawo mini da takardar ta ce, "Baba, ya yi tsawo, kuma akwai kalmomin da bakina ba ya iya faɗa."

Daga ranar na fara gyara hannu, kuma abin da na gano bai saɓa da abin da tarihin nan ya nuna ba. Idan 'yan aji uku a Shikago minti 15 aka ba su, ɗan shekara huɗu minti biyar ya ishe shi. Mai karanta labarin ba ni ba ne, yarinya ce 'yar shekara 11, don haka jimla ta zama wadda za ta faɗa da numfashi ɗaya. Dole a bar wa masu sauraro gurbi: wata 'yar magana da ke dawowa sau uku ko huɗu su amsa tare, kukan akuya da za su kwaikwaya, tambayar da za a tsaya sai sun ba da amsa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne labarin ya ƙare da aiki. In an ce Gizo ya ɓoye wake bakwai, sai a tashi a nemo tsakuwa bakwai a tsakar gida. In an yi labarin mota, a kawo kara ko murfin kwalba a ƙera ta. In an yi na kasuwa, a kafa kasuwa da ganye da ƙasa, wannan mai sayarwa, wancan mai saye. Labarin minti biyar sai ya haifi wasan awa guda. Kada kuma aikin ya nemi abin da sai an saya, domin ranar da aka rufe makaranta ba zato, sau da yawa kasuwar ma ba ta shiguwa, aljihun ma ba lafiya.

Kafin Oktoba mun tara labarai sun fi arba'in a wani tsohon littafin rubutu. Ba su da wani kyau na a zo a gani, da yawa ma ba zan so kowa ya karanta ba. Amma autar ta koma makaranta tana ƙirga har ashirin, ita kuma babbar ta dawo tana karanta Hausa ba gargada, abin da shekara biyar na aji bai ba ta ba.

Babu wanda ya san ranar da za a sake wayar gari a ji sanarwar rufe makarantu, ko don cuta, ko ambaliya, ko tsaro. Abin da 1937 da 2014 da 2020 suka nuna shi ne in ranar ta zo, hukuma za ta fara da masu jarrabawa, 'yan ƙanana kuma za su faɗo hannun uwa da yaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za su buɗe a ranar, yanzu ya kamata a rubuta shi.

Don haka ga aikin wannan mako ga mai sha'awa. A rubuta labari ɗaya da bai wuce kalma 300 ba, don yaro ɗan shekara huɗu zuwa shida, wanda zai ƙare da wani abin yi da kayan da ke cikin gida. Kafin a kawo mana shi, a ba wani yaro ɗan shekara goma ko sha ɗaya ya karanta wa ƙaninsa, marubucin ya koma gefe ya yi shiru yana kallo. A lura da inda mai karatun ya yi tuntuɓe, da inda ƙaramin ya fara waige-waige. In za a kawo labarin, a haɗo da bayanin wurin da aka tashi aka bi kaza, domin daga nan ne dukanmu za mu ƙaru.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu zaman lafiya a garuruwanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.